Kafson talla ba ya maganin kumburin ciki

Ƴan uwa ƴan kasuwa, daga Konni zuwa Malbaza da Illela, mutane da yawa na fama da kumburin ciki, yau zawo gobe taurin bayan gida, ga ɓacin rai mai korar masu saye. Sai a haɗiyi kafson talla. Alhali kafson nan har ƙwayoyi masu amfani na cikin hanji yake kashewa. Irinsu ake samu a kindirmo, kuma yakan sauƙaƙa wa wasu, amma a tafasa madarar tukuna. Damuwar bashi ma tana tayar da ciwon. A rage albasa, ko da ta Galmi ce. In an ga jini ko rama, a tafi likita.