A Rubuta Rabon Bincike Cikin Tsarin Mulki

'Yan'uwa manoma da makiyaya, malaman lakol da 'yan kasuwa, ga magana wadda ta shafe mu duka.

Tun da Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, mun ga jamhuriya bakwai, kowace da kundinta. An sha gardama kan ikon shugaba da wa'adinsa da kujerun majalisa. Amma wa ya tashi ya tambayi abin da za a ware wa masu binciken iri da ruwa da rana da cuta? Mu muna cewa, ran da za a zauna rubuta sabon kundi, a sa rabon bincike a ciki, kuma a faɗi ko nawa ne.

Ba mu rasa masana ba. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya riƙe ofishin binciken hasken rana na ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, har aka ƙera na'urar ɗumama ruwa da murhun rana a Yamai. Yau sunansa yana kan jami'a, allunan rana da ke bisa shagunanmu kuwa daga waje ake sayo su. An kafa INRAN a 1975 don binciken noma. Ma'aikatanta na Maradi suna cikin waɗanda suka gwada buhun PICS mai ninki uku, wanda ke tsare wake daga ƙwari ba tare da magani ba. Aiki ne mai kyau, amma da kuɗin waje aka yi shi. Wanda ya ba ka kuɗi shi ke zaɓar abin da za ka bincika, kuma ran da ya ga dama ya naɗe tabarmarsa.

Alkawarin baki mun ji shi. A Legas a 1980 shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta kan bincike. A Adis Ababa a 2007 suka maimaita. Yawancinsu har yau ba su kai ba. Kundinmu na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa na jama'ar Nijar ne, ya umurci gwamnati ta zuba kuɗi a noma da kiwo da lafiya da ilimi. Bai faɗi ko nawa ba. Abin da ba shi da mudu, kowane minista da hannunsa zai auna shi.

Ku dubi jihar San Paulo ta ƙasar Barazil. A kundinta na 1947 ta rubuta cewa rabin kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta na bincike ne. A 1989 ta mai da shi kashi 1 cikakke. Hukumar FAPESP ke riƙe da kuɗin, kuma doka ta hana ta kashe fiye da kashi 5 cikin 100 kan hidimar ofis. A 2000 masanan jihar suka karance dukan ƙwayoyin gadon wata ƙwayar cuta mai lalata musu lemu, abin da ba a taɓa yi wa wata cutar shuka ba a duniya.

Wasu za su ce ga yunwa, ga rashin tsaro, ina zancen bincike? Mun ji. Amma gero mai jure fari maganin yunwa ne, kuma ba ya faɗowa daga sama. Wasu za su ce takarda ba ta noma. Gaskiya ne. A San Paulo ma sai 1962 hukumar ta fara aiki, shekara 15 bayan rubutun. Sai dai rubutun ne ya ba malamansu hujjar tsayawa a ƙofar gwamna har aka biya.

To, ga abin da muke nema.

Na ɗaya, a yanka wa bincike kaso sananne cikin haraji, har da na uraniyom, wanda ake haƙa a Arlit tun 1971, da na man fetur.

Na biyu, a damƙa kuɗin ga hukumar da masana ke riƙewa, ta riƙa buga lissafinta kowace shekara, kowa ya gani.

Na uku, jami'o'in Maradi da Damagaram da Tawa su samu rabonsu, kada komai ya tsaya Yamai.

Na huɗu, tun da dokar da aka kafa a Maris 2025 ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, a fitar da sakamakon bincike da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, don mai gona ya amfana.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In aka zo garinku jin ra'ayin jama'a kan sabon kundi, ku ɗaga hannu ku tambaya: nawa kuka rubuta wa bincike?