Mu Ware wa Tsibirin Gore Yini Ɗaya

Kowace shekara ayarin mutanenmu kan tashi daga zangunan Kumasi, Nima da Tamale zuwa Senegal, wasu don Maulidin Kaulaha, wasu don fatauci, wasu don neman ilimi. Mafi yawansu ta Dakar suke bi, su yi kwana biyu suna zagayen kasuwar Sandaga, su cika jaka da yadi da turare, su juyo gida. Kaɗan ne ke tuna cewa daga tashar jiragen ruwan birnin, tafiyar kusan minti 20 ce zuwa tsibirin Gore. A ganinmu, duk Bahaushen da Allah ya kai Dakar ya kamata ya ware wa wannan tsibiri yini guda, domin labarin da ke can ya shafe mu.

Tsawon Gore bai kai kilomita ɗaya ba, kuma mota ba ta yawo a cikinsa, sai lunguna masu rairayi da tsofaffin benaye ja da rawaya. Turawan Fotugal sun iso shi a 1444, ya yi ta sauya hannu tsakanin Holan da Ingila da Faransa, wadda ta karɓe shi a 1677. A 1978 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fi jan baƙi shi ne Gidan Bayi, ginin ƙarshen ƙarni na 18. A samansa akwai falon masu gida, a ƙasa kuwa ƙananan ɗakuna masu duhu, sai wata siririyar hanya da ke ƙarewa a ƙofar da ke fuskantar teku, wadda ake kira Ƙofar Tafiya Ba Dawowa.

Akwai masu cewa an zuzuta lamarin Gore, kuma maganarsu na da tushe. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jirage daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma kason da ya bi ta Gore ƙarami ne idan aka kwatanta da na Wida ko Luwanda. Wannan bai rage darajar ziyarar ba. Yawancin bakin gaɓar da aka fi kwasar mutane ba su bar ginin da za a shiga ba, Gore kuwa ya tsaya kusan yadda yake, har mutum ya iya auna faɗin ɗakin da ƙafarsa. Gani ya kori ji.

To, ina ruwan Bahaushe? Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun jefa dubban mutanen ƙasar Hausa cikin bauta, aka gangara da su Wida da Ikko, aka tsallaka da su Bahiya ta ƙasar Brazil. A 1807 hukumomin birnin Salvador suka bankaɗo shirin boren bayi Hausawa, a 1814 kuma aka yi wani boren da su a sahun gaba. A watan Azumin 1835 Musulmin birnin suka tashi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, aka tarar da layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ga kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika faɗa a majalisunmu ba: Salaga, kasuwar goron da ta jawo kakanninmu zuwa Gwanja, kasuwar bayi ce kuma, kuma akwai fatakenmu cikin masu saye da sayarwa. Wanda ya tsaya a waccan ƙofa yana sane da waɗannan biyun, tsayuwarsa ta bambanta da ta mai yawon buɗe ido.

Wani zai ce, ai muna da Elmina a gida, me zai kai mu tsibirin wasu? Gaskiya ne, amma mu nawa ne muka taɓa shiga? Mun saba ɗaukar waɗannan gine-gine a matsayin tarihin mutanen gaɓa da Turawa, mu kuwa 'yan zango ne, baƙi daga arewa. A Gore mutum kan tsinci kansa a layi ɗaya da baƙar fatar Brazil da Amurka da suka zo neman asali, kuma babu mamaki kakan wani daga cikinsu da Hausa ya yi addu'arsa ta ƙarshe a bakin teku. Wannan haɗuwa kan sa mutum ya daina ganin labarin a matsayin na wasu.

Tsibirin kuma yana da sauran abin koyarwa. A nan aka haifi Blaise Diagne, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa a 1914. A nan makarantar William Ponty ta zauna tun daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, inda irin su Houphouët-Boigny da Modibo Keita suka yi karatu kafin su jagoranci ƙasashensu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ayari da su sanya Gore cikin tsarin tafiya, musamman idan akwai matasa. A kama jirgin safe, a riƙe fasfo a hannu. A fara da Gidan Bayi, a sassauta murya, a bar raha da ɗaukar hoton dariya a bakin ƙofar. A leƙa gidan tarihin da ke tsohon sansanin d'Estrées, a yi Azahar a tsohon masallacin da ke gindin tudun Kastel, a ci shinkafa da kifi a wajen matan garin, domin da baƙi suke ciyar da iyalansu. In an dawo gida kuma, a ɗauki yara a kai su Salaga, a nuna musu rijiyoyin da bayi suka sha ruwa, a faɗa musu labarin duka, har da ɓangaren da ba ya da daɗin ji.