Kun kwashe kaya, takardar makarantar ƙannenka fa?

Idan gidanku zai tashi daga Rogo zuwa Karaye, ko daga ƙauye zuwa cikin gari, hankalin kowa yana kan katifu, buhunan masara da kuɗin mota. Takardun makarantar yara kuwa ba mai tunawa da su. Sai an sauka a ce "bari a gama kintsawa", zango guda ya wuce, ƙanwarka ta koma tallar gyaɗa.

Kai mai riƙe da waya, aikin nan naka ne. Kafin ranar tashi, je wajen hedimasta ka karɓo takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe. Ɗauke su hoto, don takarda ba ta da wuyar ɓata cikin kaya. In babu su, ana iya mayar da ɗan aji biyar aji uku, daga nan kunya ta hana shi zuwa.

In aka ce aji ya cika, kar ka tsaya ƙorafi a Facebook, nufi ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne kuma dole. Ɗan aji shida kuwa, tun ranar farko ka tambayi batun rajistar jarrabawar shiga sakandare.