A bar duba-gari ya yi aikinsa, ko da namu ya kama

Yau ba maganar ɗaya tsagin zan yi ba, tamu ce ta cikin gida. Na san wasu za su ce Shugaba ya fara shirin sauya sheƙa. Ina nan daram.

Makon jiya duba-gari ya rufe gidan burodin wani ɗan tafiyarmu a mazaɓata. Kafin la'asar an kira ni ya fi sau shida: "Shugaba ka sa baki, namu ne." Na hau mashin na tafi da niyyar sa bakin, ba zan ɓoye ba. Jami'in bai yi musu da ni ba, cewa ya yi in biyo shi. Ya nuna min rijiyar da ake ɗiban ruwan kwaɓin fulawa, ya nuna min shadda. Taku bakwai ne tsakaninsu, alhali abin da aka koya musu shi ne a bar tazarar mita 30. Ga kashin ɓera a kan buhunan fulawa. Ya ciro kwafin takardun gargaɗi biyu da ya bayar tun watannin baya, ba a gyara komai ba. Burodin nan fa shi yarana ke ci da shayi kullum safe. Wallahi jikina a sanyaye na juyo.

Da yawanmu ba ma tuna da duba-gari sai Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, idan ya tare mu a titi. Wannan kaɗan ne daga aikinsa. Kullum yana bin gida-gida, ya leƙa masai, ya duba kwata, ya buɗe randa ya ga ko sauro ya yi ƙwai. Gidajen kulle kuwa mata 'yan duba-gari ke shiga. Daga nan ya wuce mayanka, ya bi masu tuwo-tuwo na bakin tasha, ya shiga inda ake ƙulla ruwan leda. Idan amai da gudawa ya ɓarke a unguwa, kowa na ja da baya, shi ke shiga ya yi feshi, ya zuba kulorin a rijiya, ya bi diddigin ruwan da aka sha. Kuma aiki ne na ilimi, ba na gadara ba: Makarantar Koyon Tsafta ta Kano tun 1932 take yaye su, tun 2002 kuma akwai dokar tarayya da ta kafa hukumar yi musu rajista.

Kakanninmu suna ba da labarin zamanin En'e, da an ce ga duba-gari nan sai kowane gida ya hau shara. To yau me ya canza? Mu ne. Ya rubuta takarda, kansila ya bugo waya. Ya kai mutum kotun tafi-da-gidanka, jigon jam'iyya ya je ya karɓo shi. Gobe kuma mu ce ai 'yan duba-gari cin hanci kawai suka iya. Akwai masu karɓa, ban musa ba, amma wanda ya ga takardarsa ba ta kai darajar kiran waya ɗaya ba, me ake so ya yi?

Kada mu manta 2021. Kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Ba ta tambayi kowa katin jam'iyya ba.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da kasuwanni da mayanka da banɗakunan jama'a a wuyan ƙananan hukumomi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Don haka ciyamomin da muka sha rana muka tsare wa akwati, muna tambaya: 'yan duba-gari nawa kuka ɗauka, masu ba da shawara na musamman nawa kuka naɗa? Jami'in da na gani ko safar hannu ba shi da ita, man mashin ma daga aljihunsa yake sha.

A zamanmu na matasa mai zuwa zan kawo buƙata biyu: kowane ciyaman namu ya faɗi adadin 'yan duba-garin da yake da su a kowace mazaɓa, sannan mu shugabanni mu daina sa baki idan an rufe waje saboda ƙazanta. Mai gidan burodin ya yi fushi da ni, ya daina ɗaga wayata. Amma na ji an fara haƙa masa sabuwar shadda a can bayan fili.