Muryar wa ke cikin bakin ɗan dabo?

Wanda ya taɓa tsayawa kallon ɗiyan dabo a dandali ya san cewa ɗan tsumman nan ba shi da magana tasa. Akwai wani mutum ɓoye ƙarƙashin riga, shi ke motsa shi, shi ke ba shi murya. Manya sun san haka, amma yaro ƙarami bai sani ba: a wurinsa ɗan dabo rayayye ne, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Shi ya sa zaɓen wanda za a ɗora wa wannan aiki a telebijin ya wuce sha'anin wasa.

Amurka ta ba mu darasi a kai. Ranar 10 ga Nuwamba 1969 aka fara nuna shirin Sesame Street, wanda aka tsara musamman don ƴaƴan talakawan birane da ba su shiga lakkwal ba tukuna. Da farko masana sun ba da shawarar a raba ƴan tsanan Jim Henson da mutane, don kada yara su rikice. Gwajin da aka yi a birnin Filadelfiya ya nuna cewa da zarar ƴan tsana sun ɓace daga allo, sai hankalin yara ya tafi. Sai aka haɗa su, aka ba Caroll Spinney babban tsuntsun nan Big Bird, wanda ya riƙe har 2018. Kusan shekara 50 ke nan muryar mutum guda tana shiga kunnen yara.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne labarin Roosevelt Franklin. Wannan ɗan tsana mai launin shunayya ya bayyana a 1970, kuma Matt Robinson, baƙar fata, marubuci a shirin, shi ne ya ba shi murya. Ya sa shi magana da Ingilishin unguwannin baƙar fata, yana koyar da haruffa da ƙidaya cikin waƙa da raha. Yaran unguwannin suka ji muryar gidansu a telebijin. Sai dai wasu ƴan boko, cikinsu har da baƙar fata, suka yi ƙorafi cewa yana nuna ƴaƴansu a matsayin marasa natsuwa a aji, masu karyayyen harshe. A 1975 aka janye shi.

A ganina an yi kuskure, ko da yake tsoron nasu yana da tushe. A Mayun 1970 hukumar telebijin ta jihar Misisifi ta taɓa hana nuna shirin don kawai yana haɗa yara farare da baƙaƙe. Mutanen da ke fama da irin wannan raini dole su yi hattara da yadda ake nuna su. Sai dai ainihin matsalar ita ce an bar Roosevelt ɗauke da kayan al'umma sukutum. Maganin da ya dace shi ne a ƙaro masa ƴan uwa: mai natsuwa, mai kunya, yarinya mai kaifin kai. Da aka cire shi, sai yaron unguwa ya koyi cewa maganar uwarsa ba ta isa shiga aji ba.

Mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. Tun 1964 aka buɗe telebijin ta makarantu a ƙasarmu, kafin Tele Sahel ta zo a 1979, kuma da Faransanci ta yi wa yara magana. Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa, da ta fara nata Sesame Square a 2011, ta ƙirƙiro Zobi, direban tasi mai son doya, wanda yaran ƙasar za su gane nan take.

Saboda haka duk wanda zai shirya wa ƴaƴanmu irin wannan shiri, muna da tambayoyi gare shi. Wane ɗan dabo zai zama mai hankali, kuma da wane harshe zai yi magana? Shin mai Hausar ƙauyen Adar ko ta Damagaram shi za a mayar wawan wasa, mai Faransanci kuma ya zama malami? Ina Bazabarme, ina Bafulatana, ina Buzu? Mata nawa za su shiga ƙarƙashin rigar? A amsa waɗannan tun kafin a ɗinka tsumma na farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.