In na'ura ta cije, da wa take magana?

Duk wanda ke zama gaban ordinatar, a biro ko a shago, ya san wannan rana: kana tsakiyar lissafin kaya ko rahoton ƙarshen wata, sai aiki ya tsaya cik, wani ɗan saƙo ya fito cike da lambobi. Mutum biyu saƙon ya shafa, amma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Mai aiki tambayarsa ita ce: aikina ya salwanta? Mi zan yi yanzu? Shi kuwa wanda ya tsara lojisiyal lambobin nan yake so, domin su ne sawun ɓarawo.

An daɗe ana fifita na biyu. Macintosh na 1984 hoton bam yake nuna wa mutum, da lamba a gefe. Windows 95 kuwa, a Turancin Ingilishi, cewa yake an aikata abin da ya saɓa wa doka, alhali nufinsa an ba na'urar umurnin da ba ta iya cikawa. Wace doka? Wa ya karya ta? Bawan Allah sai ya tsargu, ga shi bai yi laifin komi ba.

A 2001 Windows XP ya raba gardama: bayani gajere ga mai aiki, lambobi kuma a aika wa kamfani in ya yarda. Dabarar ta biya. A 2002 shugaban Microsoft, Steve Ballmer, ya bayyana cewa kashi 1 cikin 100 na kurakuran tsari shi ke haddasa rabin matsalolin da ake aiko musu.

Sai dai ni ina da ja. Rahoton nan yakan kwashi wani yanki na abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ana iya samun sunan abokin ciniki ko adadin bashi a ciki. Ɗan kasuwa ba ya miƙa littafinsa ga baƙo ido rufe. A nuna masa abin da za a aika, a fili, bayan an fara gaya masa ko an ceto aikinsa.

Har yanzu da saura. Ranar 19 ga Yuli 2024, kuskuren kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da na'urori wajen miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Maganin shi ne a goge fayil guda a kowace na'ura, amma shuɗin allon bai faɗa wa kowa hakan ba.