Riƙon Fanshon Tsohon Soja: Amana Ce, Ba Gado Ba

Sojan da ya shiga yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 yana ɗan shekara ashirin, yau ya doshi tamanin. Waɗanda aka tura Laberiya a ƙarƙashin rundunar ECOMOG daga 1990 su ma furfura ta rufe su. Da yawansu ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, bin layin banki ya gagare su. Tilas ɗaya daga cikin 'ya'ya ya karɓi ragamar kuɗin mahaifinsa. Wannan hidima ce mai kyau, amma wajibi ne a yi ta bisa tsari, domin a nan ne zumuncin gidaje da yawa yake tsinkewa.

Fanshon soja haƙƙi ne da ya saya da ƙuruciyarsa. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin tara gudummawa, amma gyaran da aka yi mata a 2011 ya cire sojoji daga cikinsa. Saboda haka Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja ce take biyansu wata-wata ta asusun banki, takan kuma tantance su don tabbatar da suna raye. Ke nan duk wanda ya riƙe katin banki da lambobin sirrin tsohon, ya riƙe abincinsa da maganinsa da mutuncinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗa ya karɓi kati kawai, ba takarda, ba shaida. Abin da ya dace shi ne tun mahaifin yana cikin hayyacinsa ya zaɓi wakili da bakinsa, a rubuta takardar wakilci a gaban shaidu, a sanar da banki. Idan aka yi sakaci har ruɗewar tsufa ta zo, to, ba ya iya wakilta kowa, sai dai a nemi kotu ta naɗa mai kula. Bugu da ƙari, wakili ya tanadi littafi yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya adana rasit, kada kuma ya gauraya kuɗinsa da na mahaifinsa. Ya riƙa nuna wa 'yan'uwansa lissafi, musamman a gidan da ɗakuna suke da yawa, inda zargi ba ya wuyar tashi.

Wasu na ganin neman takarda tsakanin ɗa da uba rashin kunya ne da rashin yarda. Sai dai rubutu kariya ne ga wakilin kansa, ranar da 'yan uba za su tambaye shi inda kuɗi suka shiga. Haka kuma wakilci yakan ƙare da rasuwar mai dukiya. Abin da ya rage a asusu ya zama na magada duka, kuma ci gaba da karɓar fansho da sunan mamaci laifi ne.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada riƙon kuɗi ya zama ƙwace iko. Mutumin da ya taɓa ba da oda a fagen daga bai kamata ya koma roƙon kuɗin goro daga fanshonsa ba. A shawarce shi, a bar masa na aljihu, ya yi kyauta ga wanda ya ga dama. Ɗan da ya riƙe amanar nan da gaskiya ya koya wa nasa 'ya'yan yadda za su riƙe shi.